Shekarar da Muka Ƙi Sayen Turmi

Ruwan da aka yi bana a Maraɗi ne ya tono mini wannan zance, da na bar shi inda yake kwance. Gidajen laka sun zube a unguwannin gangare, mutane suka kwashi tabarmi da tukwane suka cika ajujuwan lakwal, wato makarantar boko, majami'armu ta nan unguwar Zariya kuwa ta tashi tsaye. Ba zan ci alhakin matasanmu in ce ba su yi aiki ba. Na ga jikata ta dawo gida da laka har gwiwa. Na ga samarinmu suna ɗaukar tsofaffi a bayan kabu-kabu suna kai su tudu, ba su tambayi kowa addininsa ba, wani Alhaji ɗan kasuwa kuma ya ba da kamiyonsa, babbar motar kaya, aka yi ta jigilar buhuna. Duk wannan na gani, na kuma gode wa Allah. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ranar rabo. An kafa rumfa, an jera kujeru, an sa mutane a layi cikin rana, kowa ya karɓi nasa sai a ce ya rungumi buhun ya ɗaga kai a ɗauke shi hoto da salula, wai masu furoje, wato ƙungiyoyin agajin da suka taimaka, suna son su gani da idonsu. Ni kuma, da yake ni ce mafi tsufa a zumuntar mata, aka ajiye mini kujera a gaba don in miƙa buhun farko. Ina zaune na hangi wani dattijo cikin wankakkiyar riga, ya zo har bakin ƙofa, ya ga salula a sama, ya yi kamar ya ɓata hanya, ya juya abinsa. Na san irin wannan juyawar. Na ɗauki sandata na yi gida, na bar musu kujerarsu. Da yamma jikata ta ce mini in yi haƙuri, zamani ne ya canza. Na ce mata zamani ya canza, amma yunwa ba ta canza ba, kunya ma tana nan inda na bar ta.

A Tibiri na tashi, a lokacin da ba agogo ke tada gari ba, taɓarya ce. Kafin zakara ya gama kukansa za ka ji wata ta fara daga can ƙarshen unguwa, wata ta amsa mata, kafin gari ya waye duk ƙasa na motsi a ƙarƙashin tabarmarka. Muna gane gidaje da sautin turminsu. Akwai mai daka kamar tana jin haushin mijinta, akwai mai ja kamar ba ta ci jiya ba, kuma in aka wayi gari wani gida shiru, kafin hantsi wata tsohuwa ta leƙa ta ji ko lafiya. Sussuka, sheƙa, surfe, bakace, wanki, sannan a koma turmi a fitar da gari, duka kafin rana ta take. Yau yarinya ta ɗora roba a ka ta kai injin niƙa, ta tsaya tana latsa salula har a gama, ta dawo tana cewa ta gaji. Ba na zaginsu, ni ma bayana ya huta. Sai dai injin ba ya gaya wa maƙwabci cewa yau ba a ɗora tukunya a gidanka ba. Ni kuwa a wancan zamanin, ba yabon kai ba, babu yarinyar da ta kama ƙafata a lugude. Ina cilla taɓarya sama in tafa in cafe ta ba tare da na ɓata kiɗa ba, har mata masu zuwa rijiya kan tsaya a ƙofarmu da tulu a ka suna kallo. Abin alfaharina ke nan a duniya, ba ni da kyau irin na a zo a gani, ba ni da karatu mai zurfi, amma ina da hannu.

Mu masu bi, wato Kiristoci, ƴan kaɗan ne a garin, an san mu gida-gida. Majami'armu ɗan ɗakin laka ce a kan tudu, a bayanta kuma akwai rumbu guda babba da muke ce wa rumbun ekklesiya. Kowace kaka, ranar godiya, kowane magidanci yakan kawo damman gero daga gonarsa a ka, mata na waƙa a baya, a zuba a ciki a liƙe da laka, ba a buɗewa sai wata masifa ta faɗo. Da sauran mutanen gari muna zaman lafiya, muna zuwa sunansu, suna zuwa jana'izarmu su tsaya daga nesa, suna aiko mana da naman layya, muna aika musu da tuwon Kirsimeti. Amma akwai wata magana guda da ke yawo tun kafin a haife ni, wai duk wanda ya ci hatsin masu bi ya fara sayar da sallarsa ke nan. Ba kowa ya yarda da ita ba, amma kowa na tsoron a jefe shi da ita. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na wani malamin allo, mutum mai sanyin murya wanda ban taɓa jin ya ɗaga wa ko akuya harshe ba. Matarsa ita nake kira Iya, don ita ta yanke mini cibiya, kuma a bayanta na yi rabin barcin yarintata. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, in ta ara miki gishiri ba ta mantawa, in kin ara mata kuwa kafin ki kai gida ta maido. Mace ce da za ta gwammace ta kwana da yunwa da a ce an ganta da ƙoƙon roƙo.

A wata damina, ina budurwa, Gulbi ya cika ya yi ambaliya. Da rana tsaka ya zo, muna kallonsa yana shigowa ta lungu a hankali kamar baƙon da ya san gidan. Wanda bai taɓa jin faɗuwar katangar laka ba bai san ba ta da ƙara, nishi take yi ta zauna. Haka muka yi ta jin nishin nan ta kowane gefe. Rumbuna suka jiƙe daga gindi suka kife, gero ya bi ruwa, gonakin fadama suka nutse da abin da ke cikinsu. Turminmu ma ruwa ya tafi da shi, na bi shi da ido yana juyawa har ya sha kwana. Katangar da ke tsakaninmu da su Iya ta faɗa a kan ƙafar Malam yana ƙoƙarin fitar da allunansa, ta karya shi, aka kwantar da shi a ɗaki guda da ya rage musu. Da ruwa ya janye Baba ya kafa zana a inda katangar take, ta yadda in an yi tari a gidansu sai mu ce sannu daga namu. Ta cikin zanar nan muka fara jin abin da ba mu so ji ba. Turmin Iya ya tsira, don ta ɗaure shi da igiya a jikin bishiyar bedi, amma sai aka wayi gari babu motsinsa. Yaranta ƙanana suka koma kuka irin wanda ba ya da ƙarfi, ita kuma tana ta dafa musu ganyen tafasa da ruwa tana ce musu tuwo na zuwa.

Rumbun ekklesiya na kan tudu, ruwa bai taɓa shi ba. Dattawa suka zauna da fasto suka ce a buɗe, kuma ba don masu bi kaɗai ba, don duk wanda ruwa ya ci. Niyyarsu mai kyau ce, dabararsu ce ta maza. Suka shimfiɗa tabarma a ƙofar majami'a, suka tara gero tsibi, suka aika a faɗa a unguwa kowa ya zo da ƙwaryarsa. Suka yini a wurin suna korar kaji. Ƴan kaɗan da yunwa ta fi ƙarfin kunyarsu suka zo, kafin su kai gida yara sun bi su da waƙa, washegari ko su ba su dawo ba. Baba ya ce zumunta a ƙafa take, ya cika masaki ya kai wa Malam har ɗaki. Malam ya yi masa godiya mai tsawo, ya sa masa albarka, ya ce a kai wa waɗanda suka fi shi buƙata, Allah ba ya barin bawansa. Baba ya dawo da masakinsa a cike, ya zauna a gindin bedi. Ban ga laifin Malam ba, har yau ban gani ba. Da yaran mutane yake ci, in aka ce ya ci hatsin majami'a wa zai sake kawo masa ɗa karatu?

Innarmu ce ta samo bakin zaren. Ƴar gajeruwa ce mai ciwon baya da kaifin baki, ba ta iya karatu ba sai waƙoƙin sujada da ta haddace. A taron zumuntar mata ta tashi ta ce maza sun gama nasu, saura namu. Ta tambayi mata nawa ne ruwa ya tafi da turminsu, hannuwa suka tashi da yawa. Ta ce to kada wadda ta sayi sabo, wadda nata ya tsira ma ta kife shi a ɗaki ta rufe da tabarma. A al'adar garinmu akwai dakau, wato ka kai hatsinka wata ta daka maka, ladanta shi ne dusa da tsaki da ƙoƙo guda na gari da za ta ɗiba da hannunta, kuma abin kunya ne mai hatsi ta auna garin da aka maido mata. Dakau ba sadaka ba ne, gumi ne, babu mijin da zai hana, babu yaron da zai yi wa waƙa. Inna ta ce kowace mace ta zaɓi gidan da ta san an daina ɗora tukunya, ta riƙa ɗibar gero daga rumbun ekklesiya fiye da abin da gidanta zai ci, ta kai dakau. Matar fasto ta ce ita tana tsoron kada abin ya zama ƙarya. Inna ta ce, "Ƙarya ta mi? Turmina ya tahi ko bai tahi ba? Ni dai ban ce ma kowa ba ni iya sayen wani ba." Aka yi dariya, sannan aka yi addu'a, kowace ta ɗauki alkawari a gaban Allah cewa maganar ba za ta fita ba, ko ga ƴan'uwa masu bi na wasu garuruwa, don baki shi ke yanka wuya.

Mu gidan Iya muka ɗauka. Ni na kai masakin farko na ce Inna na roƙon a taimaka mata da daka, bayanta ya tashi, ga turmi babu. Iya ta dube ni, ta dubi hannuwana, don ta san abin da suke iyawa, amma ta karɓa. Ranar na ji turminta ya tashi, na shiga ɗaki na yi kuka don daɗi. Da ta aiko da garin, Inna ta sa yatsa ta murza, ta ɓata fuska, ta ɗaga murya yadda za a ji ta bayan zana ta ce wannan ai rabinsa tsaki ne, haƙoran Baba ba su iya shi, a mayar mata da shi ita ba ta so. Garin nan kuwa laushinsa kamar toka. Haka aka yi ta yi kullum, a kai masaki, a dawo da gari, Inna ta kushe rabi ta mayar. Sauran matanmu ma haka, kowace da irin nata tsirfar, wata ta ce ya yi danshi, wata ta ce an bar masa dusa. Unguwa ta sake ɗaukar sautin taɓarya, hayaƙi ya dawo gidajen da ya bari. Mu kuma muka yi suna. Aka ce matan masu bi sun zama matan bariki, ba su iya daka ba, ga iyayi, a shekarar da mutane ke cin tafasa su suna ƙin gari don tsaki. In na je rijiya ƴan mata su ce ga gimbiya ta iso, a ba ta hanya kada hannunta ya yi kanta. Ina jin zafin abin har cikin ƙashina, don ni da bakina ba a taɓa kayar da ni ba, amma sai in ɗaga kai in wuce. Inna takan ce mini, wanda ya ƙoshi shi ke da ƙarfin zagi, ki gode Allah sun fara samun ƙarfi.

A lokacin akwai wanda ke nemana, wani saurayi mai bi daga Jiratawa, manomin fadama, mai murya a cikin mawaƙan majami'arsu. Ina son shi, ba zan ɓoye ba don na tsufa. An riga an kai gaisuwa, ana jiran kaka a sa rana. To zancen ragwancin matan Tibiri ya bi ƴan kasuwa har ya kai Jiratawa, danginsa suka ce ruwa ba ya tsami banza. Wata safiya sai ga gwaggonsa ta iso a kan amalanken shanu, wai ta zo jajen ruwa, a bayanta an ɗauro sabon turmi da taɓarya, har yanzu suna ƙanshin sassaƙa. Aka sauke shi a tsakar gidanmu, dab da zana. A daidai lokacin Iya na can baya tana surfen geronmu. Bayan an gaisa an sha ruwa, gwaggon ta ce ta ji an ce ruwa ya tafi da turminmu shi ya sa muke kai dakau, to ga wani ta kawo, kuma tun da gani ya kori ji, tana son ni, ɗiyarta, in zuba ko tiya guda in daka mata fura ta sha kafin ta koma. Tana rufe baki taɓaryar Iya ta tsaya.

Na dubi turmin nan, tafin hannuna har ƙaiƙayi yake. Na san in na ɗaga taɓaryar sau ɗaya matar nan za ta koma Jiratawa tana yabona a kowace ƙofa. Na kuma san in turmi ya kwana a gidanmu, gobe ba mu da hujjar kai masaki bayan zana, kuma ba mu kaɗai ba, duk unguwa za ta tambayi abin da ya hana sauran matanmu sayen nasu. In kuwa na buɗe baki na faɗi dalili, a kunnen Iya zan faɗe shi, da ita da mijinta da ke kwance. Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai tana tsintar abin da babu a zaninta. Ba ta taɓa bar mini zaɓi ba sai ranar.

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba ni dakawa."

Ta ce, "Ba ki iyawa, ko ba ki so?"

Na ce, "Duk wanda kika ɗauka daidai ne."

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juya ga Inna ta ce ashe abin da anka hwaɗi gaskiya ne, su gidansu gidan noma ne, ba su da wurin aje macen da sai an daka mata ta ci, a shekarar da ƴaƴan mutane ke kwana da yunwa. Ta ce tana tausayin matar da ke bayan zanar nan tana kashe ƙarfinta don wata ƙatuwar budurwa ta zauna tana kallon farce. Ta sa aka mayar da turmin kan amalanke, ta tafi ba ta sha furar kowa ba. Baba da ya dawo ya ji, ya ce zai je Jiratawa ya ja uban yaron gefe ya yi masa bayani. Na ce masa in ya je ba da yawuna ba, alkawarin da mata suka yi ba a yi shi da sharaɗin sai in bai taɓa aurena ba. Da la'asar saurayin ya zo da kansa a kan keke, gumi na zuba, ya tsaya a ƙofar gida ya ce in taimake shi in yi daka sau ɗaya kawai a gaban gwaggonsa a rufe bakin mutane. Na tambaye shi ko ya taɓa ganina a bakin turmi. Ya ce ya gani, ai a nan ya fara ganina. Na ce to in idonsa bai ishe shi shaida ba, ya bi na gwaggonsa. Ya tsaya yana murza hannun keke, yana jiran in sassauta, ni kuma ina jiran ya ce ya yarda da ni ko bai san dalili ba. Babu wanda ya samu abin da yake jira. Na bi bayan kekensa da kallo har ya shige cikin gero, zuciyata kamar an zuba mata barkono.

Wannan nake so yaran yanzu su gane, ba wai ina ƙin hoto don tsufa ba. Su a wurinsu taimako shi ne abin da ya fita daga hannunka ya shiga hannun wani, a ƙirga a ɗauka a nuna. Mu an koya mana cewa mai karɓa ma yana biya, da fuskarsa yake biya, kuma aikin mai bayarwa ne ya san yadda zai ɗauke masa wannan nauyin ya ɗora wa kansa. In dole sai wani ya ji kunya a wurin rabon hatsi, to mai ƙoshi ya kamata ya ji ta, shi ke da ƙarfin ɗauka. Suna ce mini in babu hoto masu furoje ba za su sake aikowa ba. Wataƙila gaskiyarsu ne. To su ɗauki buhunan, su ɗauki kamiyon, su ɗauke ni ma in suna son tsohuwa, amma su bar fuskar mutumin da ɗakinsa ya faɗi jiya. Na faɗa a taron dattawa, zan kuma sake faɗa ranar Lahadi, in sun gaji da ji su daina ba ni kujera.

Washegarin zuwan gwaggon na kai masaki bayan zana kamar kullum na ajiye na dawo. Muka yi ta sauraro, babu motsin taɓarya. Da hantsi sai ga masakin an turo shi ta ƙarƙashin zana, a cike, ko ƙwaya ba a taɓa ba. Inna ta dube shi ta zauna a ƙasa. Ta cikin zana muna jin ƙaramin yaron Iya ya fara kukan nan nasa. Ni kuwa wani irin fushi ya taso mini wanda ban taɓa jin irinsa ba. Na ɗauki masakin na ɗaga zana na shiga ba sallama. Na tarar da ita zaune a gefen turmi, hannuwanta a kan gwiwa, idanunta sun yi ja. Na dire masakin a gabanta.

Ta ce, "Ɗauki abinki, ɗiyata. Tun ranar hwarko na sani. Wace mace ce ka ƙin gari don tsaki a shekara irin wagga? Na sani, uwarki ta san na sani, munka yi shiru don babu wanda abin ya ci. Jiya ya ci ki. Ba ni ciyar da ɗiyana da aurenki."

Na ce, "Iya, auren ya riga ya tahi, maido hatsinga ba ya maido shi. In kin ƙi daka shi, kin sa na yi asara a banza, kuma wannan ba ni yahe maki."

Ban taɓa yi mata magana haka ba, matar da ta goya ni. Daga cikin ɗaki Malam ya yi gyaran murya, muka yi tsit muna jiran abin da zai ce, don babu kalmar da ta wuce kunnensa. Sai kawai muka ji ya ci gaba da jan carbinsa. Iya ta share fuska da bakin zani, ta tashi, ta juye geron a turmi, ta yayyafa ruwa. Sannan ta shiga bayan ɗaki ta fito da wata tsohuwar taɓarya ta miƙo mini.

Ta ce, "A gidanku ne ba ki iya daka ba. Nan gidana ne."

Muka tsaya turmi ɗaya, tana saukewa ina ɗagawa. Hannuna ya yi laushi da zama, kafin a gama surfe ya yi bororo ya fashe, ban tsaya ba, ina daka ina kuka, ita ma haka, babu wadda ta ce wa wata sannu. Ranar yaranta sun ci tuwo, sun kuma ci gaba da ci har sabon gero ya nuna, babu wanda ya taɓa nuna su da yatsa a garin Tibiri. Ni ban auri ɗan Jiratawa ba, ya auri wata, na ji zafinsa shekaru. Amma da za a sake sauke turmin nan a gabana yau, da ƙanshin sassaƙarsa da komai, ba zan taɓa shi ba.